Idon da Ke Gudun Haske

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi]

Yau a filinmu na kiwon lafiya maganar ido za mu yi, kuma ƙorafi ɗaya za mu kama, wanda ake yawan yi a zaure da cikin gida amma ba a cika kai shi asibiti ba: mutum ya ce haske yana damunsa.

Kowa ya san in ka fito daga ɗaki mai duhu ka shiga tsakar rana, haske zai kashe maka ido na ɗan lokaci, ka runtse, ka ƙifta, sai gani ya washe. Wannan ba ciwo ba ne. Wanda muke nufi shi ne mutumin da hasken da kowa ke zaune cikinsa lafiya lau, shi azaba yake ba shi. Ana kunna ƙwan lantarki ya ce a kashe. Ya rage hasken wayarsa har na kusa da shi ba ya iya ganin abin da ke kai. Direba ne, amma ya haƙura da tafiyar dare don fitilun motocin da ke tahowa suna sukar idonsa har cikin kai. Ko uwar gida ce, in za ta shanya wanki da hantsi sai ta ja mayafi ta kare rabin fuska. In ka matsa musu da tambaya za su ce idon yana yaji, yana raɗaɗi, suna jin tsakuwa a ciki alhali an duba ba komai, kuma abin ya fi tsanani da yamma.

Abubuwan da ke sa ido gudun haske suna da yawa, za mu zo kan masu haɗarin cikinsu. Amma wanda likitocin ido suka fi cin karo da shi a ɗakin duba marasa lafiya shi ne bushewar ido. Na san wani zai ce, "Malam, wace irin bushewa kuma? Ni da idona kullum cikin zubar ruwa yake?" To, a yi haƙuri a saurara, domin sau da yawa wannan zubar ruwan ita ce shaidar bushewar.

Hawayen da ke rufe ƙwayar ido kullum, ba na kuka ba, kala uku ne a haɗe. Daga can ciki akwai yauƙi, shi ke manne hawaye a jikin ido. A kansa akwai ruwa, wanda ke fitowa daga wani ƙulli da ke ƙarƙashin gefen gira. A sama kuma akwai mai. Man nan yana fitowa ne daga wasu ƙananan kafofi da suka jeru a bakin fatar ido, daidai bayan gashin ido, kimanin 25 zuwa 40 a fatar sama, 20 zuwa 30 a ta ƙasa. Wani likita Bajamushe, Heinrich Meibom, ya yi bayaninsu tun a 1666, har yau da sunansa ake kiransu. Aikin man shi ne ya hana ruwan ƙafewa. Duk ƙiftawar da ka yi, fatar ido tana matso mai kaɗan, ta shimfiɗa sabon hawaye sumul a kan ido.

In kafofin nan suka toshe, ko man ya yi kauri ya daskare, ruwan sai ya riƙa ƙafewa cikin 'yan daƙiƙu. Wannan shi ne nau'in bushewar da ya fi yawa. Ido yana jin raɗaɗi sai ya kai ƙara ga ƙwaƙwalwa, ita kuma ta sako ruwa da yawa a lokaci guda. Amma ruwa ne tsantsa, ba mai, ba ya zama. Ya gangaro kumatu, idon ya koma yadda yake. Shi ya sa za ka ga mutum da hankici a hannu yana ta sharar hawaye, alhali ciwonsa bushewa ce.

To ina ruwan haske da wannan? Ta hanya biyu suka haɗu.

Ta farko mai sauƙin ganewa ce. A gaban baƙin ido akwai wani tantani garai-garai, likitoci suna ce masa koniya. Shi ne ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske, kuma ba ya yin aikin daidai sai hawaye ya kwanta masa sumul. Duk wanda ya taɓa tuƙin dare da gilashin mota mai ƙura ya san yadda fitilar motar da ke tahowa ke fantsama ta cika gilashin duka, hanya ta ɓace maka. Haka busasshen ido yake yi da haske. Alamar da za ka gane ta ita ce: gani yana yin dishi-dishi, kana ƙiftawa ya washe, bayan ɗan lokaci ya sake dusashewa.

Ta biyu ta fi zurfi, kuma ita ce ta fi dacewa mu tsaya a kai. Babu wani wuri a jikin ɗan Adam da jijiyoyin jin zafi suka cunkushe kamar koniya. Sun ninka na fata sau ɗaruruwa. Ga dalilin da ɗan ƙanƙanin ƙaiƙayin gero in ya faɗa ido yake hana ƙato sakat. Jijiyoyin nan rassa ne na babbar jijiyar da ke ɗaukar jin zafi daga fuska da goshi da rufin ƙwaƙwalwa. In ido ya bushe, gishirin hawaye yana ƙaruwa, saman koniya ya yi 'yan ƙananan ƙuje-ƙuje, kawunan jijiyoyin su zama a buɗe. Suna ta kai ƙara dare da rana, har hanyar ta zama mai saurin harzuƙa.

A can bayan ido kuma, a tantanin da ke karɓar haske, akwai wasu ƙwayoyin halitta kaɗan da ba a tabbatar da aikinsu ba sai a farkon shekarun 2000. Su ba siffa ko launi suke gani ba, yawan haske kawai suke aunawa, kuma sun fi jin haske mai shuɗi-shuɗi. Saƙonsu yana ratsawa ta wani sashe na ƙwaƙwalwa inda saƙon jin zafi na waccan babbar jijiyar shi ma yake bi. A 2010 Rami Burstein da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard a Amurka suka fitar da wani bincike mai ban mamaki a kan makafi 20 masu fama da ciwon ɓarin kai. Shida daga cikinsu, waɗanda aka cire wa ido ko jijiyar ganinsu ta mutu, haske bai dame su ba. Sauran 14 ba sa iya ganin siffar komai, amma suna iya bambance haske da duhu, kuma ana kunna fitila ciwon kansu ke tsananta. Ashe hanyar da haske ke bi ya zama zafi daban take da hanyar da yake bi ya zama gani. In bushewa ta riga ta harzuƙa jijiyoyin zafi, haske kaɗan ya isa ya tayar da su. Don haka mai ciwon ɓarin kai da ke da bushewar ido wahalarsa ninki ce, kuma gyara bushewar kan rage masa wani abu.

Ina so iyalai su riƙe wannan. In yarinya ta ce haske yana yi mata ciwo, ba shagwaɓa ba ce, ba kuma gudun aiki ba ne.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan idon da ba ya jure haske da alaƙarsa da bushewar ido.

Mu a wannan yanki, yanayi ma bai bar mu ba. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta baje mana ita daga Damagaram zuwa Zariya. Danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Muna ganin leɓe yana tsagewa, ƙafa tana faso, mu nemi man kaɗe mu shafa, amma ba ma tuna cewa iskar da ta busar da leɓe ita ke kaɗa ido. Ɗan acaɓa da mai Keke Napep da ke wuni suna keta iska ba tabarau, da mai tallan da ke tsaye bakin titi, su suka fi shan wahala. Hunturu na wucewa bazara ta shigo, a kunna fanka a saita ta daidai fuska har gari ya waye, ko a zauna gaban na'urar sanyaya ɗaki a ofis. Iyayenmu mata kuma hayaƙin murhu yana jiransu safe da yamma.

Sai waya. Mutum yakan ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya in yana hira. In ya ƙura wa waya ko kwamfuta ido, ƙiftawar takan ragu zuwa rabi ko ƙasa da haka, kuma da yawanta rabin ƙiftawa ce, fatar sama ba ta sauka ta taɓa ta ƙasa. Matashin da ya kwanta cikin duhu yana kallon TikTok har ƙarfe biyun dare, fanka na kaɗa shi, ya haɗa wa idonsa duk abin da ba ya so a zama ɗaya.

Akwai kuma abin da ke zuwa daga cikin jiki. Shekaru suna rage hawaye, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada. Ciwon sukari, ciwon sanyin gaɓoɓi mai kumbura yatsu, da ciwon maƙoƙo mai turo ido waje, duka suna kawo bushewa. In mace ta ce idonta a bushe, bakinta ma a bushe har ba ta iya haɗiye tuwo sai da ruwa, likita zai yi tunanin wata cuta da Henrik Sjögren, likitan ido ɗan ƙasar Suwidin, ya bayyana a 1933, inda garkuwar jiki ke afka wa wuraren da ke yin hawaye da miyau. Magunguna ma suna da hannu: maganin mura da ƙaiƙayi irin su Piriton, wasu magungunan damuwa da rashin barci, da wasu na hawan jini masu sa yawan fitsari. Kada wanda ya daina shan maganin hawan jininsa don ya ji wannan a rediyo. Likitan da ya rubuta shi za a gaya wa, shi zai san yadda zai yi.

Maganar kwalli kuwa, na san wuri ne da ake taka-tsantsan. Ado ne da muka gada, ba cewa muke a watsar ba. Amma abu biyu gaskiya ne. Inda ake zizara shi, wato bakin fatar ido daga ciki, nan ne kafofin man suke, kuma in ana kwana da shi kullum ba a wankewa yana iya cushe su. Sannan yawancin kwallin dutse da ake sayarwa a kasuwa yana ɗauke da dalma. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston, iyayensa 'yan Najeriya, da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa. Da aka auna kwallin da ake sa masa, sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Babba ya zaɓa wa kansa, amma jariri a bar masa idonsa. Haka 'yan gilasan nan masu launi da ake liƙa wa amare a ƙwayar ido ranar biki: suna shanye hawaye, kuma wadda ta kwana da su ta tashi da jan ido da gudun haske, asibiti za ta nufa a ranar.

Ga yara, bushewar ido wani lokaci maganar abinci ce. Ƙarancin sinadarin bitamin A yana fara nuna kansa da dundumi, yaro ya riƙa laluɓe da magariba, daga nan farin ido ya bushe ya yi yamushi, in abin ya yi nisa baƙin idon ya lalace ya bar hakiya. Ƙyanda tana cinye wannan sinadari da sauri. Yaron da ke ƙyanda ya ƙi buɗe ido, yana ɓoye fuska a jikin uwarsa, kada a ce ai haka ƙyanda take, a kulle shi a ɗaki. A kai shi asibiti a ba shi bitamin A, a duba idon. Ɗan ƙwanson nan shuɗi ko ja da ma'aikatan lafiya ke matsa wa yara a baki daga wata 6 zuwa shekara 5, amfaninsa ke nan. Manja, zogale, karas, kabewa, gwanda, mangwaro, hanta da ƙwai duk suna taimakawa. A ƙauyukan da amodari bai gama ƙarewa ba kuma, tsohuwar da gashin idonta ya juya ciki yana gogar baƙin ido za ta riƙa gudun haske. Tsige gashin ba ya warkarwa, ƙaramin aiki ake yi wa fatar idon.

Yanzu ga inda nake so kowa ya buɗe kunne. Bushewa takan zo a hankali, a ido biyu, ta yi sauƙi ta dawo. In gudun haske ya zo farat ɗaya tare da zazzaɓi, matsanancin ciwon kai da sandarewar wuya, sanƙarau ake tsoro, musamman a watannin zafi. Waɗanda suka ga annobar 1996 a Kano ba sa buƙatar a tuna musu saurin kisanta. In ido ɗaya ne ya yi ja, yana zogi daga ciki, gani ya ragu, ko an ga ɗigon fari a kan baƙin ido, ko wani abu ya soki idon, ko da kan dawa ne a gona, wannan ba ya kwana a gida. In ciwon ya zo da amai, mutum yana ganin zobe mai launi kewaye da fitila, hawan jinin ido ne mai iya makantarwa cikin kwanaki. Jaririn da ke gudun haske, idonsa yana ruwa kuma baƙin ya fi girma fiye da kima, kada a yaba kyan idon, a kai shi likita. Masu walda kuwa sun san nasu: a yi aiki da rana ba garkuwar fuska, bayan awa 6 zuwa 12, tsakar dare, ido ya kama wuta. Ƙunar haske ce, takan lafa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, amma baƙin gilashin kasuwa ba ya kare ta, sai garkuwar walda ta ainihi.

In ba ɗaya daga cikin waɗannan, me mutum zai yi wa kansa a gida?

A fara da ɗumi. A sami tsumma mai tsabta, a tsoma a ruwan ɗumi wanda bayan hannu zai iya jurewa, a matse, a ɗora a kan ido a rufe na minti 5 zuwa 10, ana sake tsomawa in ya huce. Ɗumin yana narkar da man da ya daskare. Sai a ɗan murza fatar idon a hankali zuwa wajen gashin, a goge bakinta. Wannan ba aikin kwana biyu ba ne, sai an yi makonni ana yi kullum kafin a ga bambanci, kuma a nan yawancin mutane ke gajiya. Mai aikin kwamfuta, duk bayan minti 20 ya ɗaga kai ya kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20, ya ƙifta cikakkiyar ƙiftawa. A kawar da fanka daga fuska. A sha ruwa. Mai hawa babur ya nemi tabarau mai rufe gefe.

Akwai maganin ɗigawa da ake kira hawayen roba, aikinsa jiƙa ido kawai. Yana taimakawa, amma in buƙata ta wuce sau 4 a rana, a nemi irin wanda ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba, domin sinadarin kansa yana ƙara cin saman ido in ya yi yawa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne a shiga kemis a ce, "Ba ni maganin ciwon ido," a miƙo duk abin da hannu ya kai. Chloramphenicol maganin ƙwayoyin cuta ne, ba ya jiƙa ido. Masu sa ido ya yi fari tas nan take, ana dainawa jan yake dawowa fiye da da. Mafi muni su ne waɗanda za ka ga an rubuta Dexamethasone ko Betamethasone a kwalinsu. Daɗinsu ne tarkonsu: ana ɗigawa a ji sanyi, sai a riƙe su wata da watanni, su kuwa suna iya jawo hawan jinin ido da yanar ido, kuma in akwai gyambo a baƙin ido su hura shi. Ganin da hawan jinin ido ya ci ba ya dawowa. Ruwan sukari, nonon uwa, ruwan albasa, fitsari, ruwan batir, babu wanda ya cancanci shiga ido a cikinsu.

Saura baƙin gilashi, wanda shi ne mafakar kusan duk mai wannan matsala. A cikin rana yana da amfani, musamman in an haɗa da hula mai baki ko malafa. Zabiya ma, da Allah ya halicci idonsa da ƙarancin launin da ke tare haske, kullum yana buƙatar su a waje. Amma sa baƙin gilashi a cikin ɗaki, ko zama a duhu an saki labule wuni guda, yana ƙara cutar. Ido yana sabawa da duhun, ranar da ka cire gilashin, hasken da kake jurewa a da ya gagare ka, sai ka nemi wanda ya fi shi baƙi. Dabarar ita ce a riƙa ƙara hasken ɗaki kaɗan-kaɗan yayin da ake maganin bushewar. Ga wanda abin ya yi wa tsanani akwai gilashi mai launin ja-ja da ake kira FL-41, wanda aka fara gwadawa a Birmingham ta Ingila a kan yara masu ciwon ɓarin kai a 1991. Yana tace hasken da ya fi tayar da zafin ba tare da ya duhunta komai ba. Likitan ido ne zai ce ko ya dace da kai.

Wasu tsoron asibiti ke hana su zuwa, suna zaton za a taɓa idon da ƙarfe. Gwajin bushewa ba shi da zafi. Za a ɗiga wani rini ruwan ɗorawa, a haska shuɗiyar fitila, a ce kada ka ƙifta; in shimfiɗar hawayen ta tsage kafin daƙiƙa 10, akwai matsala, kuma rinin yana nuna duk inda koniya ta ƙuje. Wani lokaci a maƙala 'yar siririyar takarda a fatar ido ta ƙasa na minti 5 a ga iya inda ta jiƙe, gwajin da Otto Schirmer ya ƙirƙiro a 1903 kuma har yau ana yi. Za a matsa bakin fatar a ga irin man da ke fitowa, a kuma auna ƙarfin ruwan cikin ido. Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi duk suna wannan aiki. In za ka je, ka kwashi duk kwalaben da ka taɓa ɗigawa da duk ƙwayoyin da kake sha, ka zuba a leda ka tafi da su, har wanda kake jin kunyar nunawa.

Lokaci ya cim mana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a daidai wannan lokaci. Allah ya ƙara mana lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]